Yadda Ake Ƙara wa Tsohuwar Laftof RAM da SSD Ta Daina Nauyi

Mafi yawan laftof ɗin da ke hannun ɗalibai da masu shagon buga takardu a wajenmu na hannu ne. Sun gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, suka sauka Computer Village a Ikeja, daga nan suka bazu zuwa Beirut Road a Kano da Banex a Abuja. HP EliteBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad: waɗannan injina ne masu ƙwari, kuma an ƙera su yadda za a iya buɗewa a canja musu kaya. Idan irin wannan kwamfuta ta fara nauyi, mutane kan ce ta tsufa ne. Da wuya firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya zama mai laifi. Abin da ya fi riƙe ta shi ne tsohon rumbun ajiya mai faifai, wato HDD, sai kuma ƙarancin RAM.

Ga bambancin su biyun. RAM kamar teburin tela ne, inda yake shimfiɗa yadin da yake yankawa a yanzu. Rumbun ajiya kuwa ɗakin kaya ne da ke bayan shago. Idan teburin ƙarami ne, tela zai yi ta kai-kawo tsakanin tebur da ɗakin kaya, idan kuma ƙofar ɗakin tana da wuyar buɗewa, kowace tafiya ɓata lokaci ce. Ƙara RAM faɗaɗa tebur ne, saka SSD kuwa, wato rumbun ajiya marar faifai, a madadin HDD gyara ƙofar ne. HDD na laftof yana karanta abin da bai wuce mega 80 zuwa 120 a daƙiƙa ba, SSD na SATA (irin mahaɗin da HDD ke amfani da shi) kuwa yana kai wa mega 500 da ɗoriya, kuma ba shi da allurar da za ta zagaya neman fayil. Saboda haka idan kuɗinka na abu ɗaya ne kawai, kuma kwamfutar tana da giga 4 na RAM, fara da SSD. Wannan shawarar ita nake ba kowa.

KAYAN AIKI

- Ƙaramar sukudireba mai bakin sita, lamba 0 ko 1. Wasu laftof ɗin HP suna amfani da noti mai bakin tauraro shida, wanda ake kira Torx T8, don haka duba ƙasan taka kafin ka saya.
- Tsohon katin ATM ko katin shaida na roba, don ɓalle murfi. Kada ka yi amfani da wuƙa ko bakin sukudireba.
- Filash mai aƙalla giga 8 wanda babu komai mai amfani a ciki.
- Wurin kwashe fayilolinka: wani filash babba, ko rumbun waje.
- Burushin haƙori da ba a taɓa jiƙawa ba, ko ƙaramin burushin fenti.
- Kilinar goge fensir, fara.
- Farar takarda da biro, don jera notuna.
- Waya mai kyamara.
- Idan za ka taɓa firosesa: man firosesa da sifirit da auduga.

MATAKI NA 1: GANO ABIN DA KE DAMUN TA

Kada ka sayi komai tukuna. Kunna kwamfutar, ka buɗe abubuwan da ka saba aiki da su, burauza da shafuka biyar ko shida, da Word ko Excel. Sai ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga sashen Performance ka duba abu uku.

Idan Disk yana tsaye a kashi 100 cikin 100 na tsawon lokaci, musamman bayan kunnawa, kuma an rubuta HDD a ƙarƙashinsa, to ka kama ɓarawon. Idan Memory ya haura kashi 80 alhali ba wani aiki mai nauyi kake yi ba, RAM ya yi kaɗan. Idan kuwa CPU, wato firosesa, ne ke cika kullum, fanka tana ta kuka, ƙasan kwamfutar yana ƙona cinya, to zafi ne, kuma maganinsa yana mataki na 9. Sau da yawa za ka ga biyu daga cikin ukun a tare.

Akwai kwamfutocin da ba su cancanci a kashe musu kuɗi ba. Ƙananan laftof masu firosesan Celeron ko Atom da ajiyar giga 32 ko 64 ta eMMC, yawanci RAM da ajiyarsu a manne suke da madabod, wato babban allon da komai ke haɗe a kai, ba a cirewa. Idan a sashen Memory ka ga an rubuta Row of chips a gaban Form factor, alama ce ta RAM ɗin da aka manna. Haka kuma mai Core 2 Duo da ke amfani da DDR2: za ta ɗan farfaɗo da SSD, amma kada ka sa ran abin mamaki. Waɗanda suka fi karɓar gyara su ne Core i3, i5 da i7 daga zubi na 2 zuwa sama. Daga zubi na 2 zuwa na 9, ana gane zubi daga lambar farko bayan ɗan layi: i5-3320M zubi na 3 ne, i5-4300U na 4, i5-6300U na 6.

Sannan ka shiga Settings, System, About, ka duba System type. Idan Windows ɗinka 32-bit ne, ba zai iya amfani da abin da ya wuce giga 3 da 'yan kai ba, ko da ka saka giga 16. Dole sai an sake ɗora 64-bit.

MATAKI NA 2: GANO IRIN RAM ƊIN DA TAKE KARƁA

A nan ne aka fi yin asara, don haka zan daɗe a kai.

RAM na laftof gajere ne, ana kiransa SODIMM. Na kwamfutar tebur dogo ne, ana kiransa DIMM. Sannan akwai zubi-zubi: DDR2, DDR3, DDR4, DDR5. Kowanne yana da tsaga a tsakanin haƙoransa na zinariya a wuri daban, don haka DDR4 ba zai shiga gurbin DDR3 ba. DDR3 na laftof yana da haƙora 204, DDR4 kuwa 260. Wannan ba shi ne tarkon ba, tunda abin da bai shiga ba za ka gane nan take.

Tarkon yana tsakanin DDR3 da DDR3L. Siffarsu ɗaya, tsagarsu ɗaya, kowanne zai shiga gurbin ɗan'uwansa lafiya lau. Amma DDR3 yana aiki da bolt 1.5, DDR3L kuwa da 1.35. Laftof masu firosesan Intel zubi na 4 da na 5, kamar EliteBook 840 G1 da G2, Latitude E7440 ko ThinkPad T440, DDR3L suke buƙata. Ka saka musu DDR3 gama-gari, sai ka ga baƙin sikirin, ko ta kunna ta riƙa mutuwa. Akasin haka kuwa yawanci babu matsala: DDR3L yana aiki a tsofaffi irin su ThinkPad T430 da Latitude E6430. Idan ka rasa tabbas, sayi mai L. Za ka ji mai shago ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

Karanta takardar da ke manne a jikin RAM ɗin:

- PC3-12800S na nufin DDR3 mai gudun 1600, na laftof.
- PC3L-12800S na nufin DDR3L mai gudun 1600.
- PC4-2400T, PC4-2666V ko PC4-3200AA duk DDR4 ne, lambar ita ce gudunsa.
- A DDR3, harafin ƙarshe S na laftof ne, U na kwamfutar tebur, R kuwa na saba ne, wato manyan kwamfutocin kamfanoni. Mai R yana da araha a kasuwa saboda ba ya aiki a kwamfutar gida. Ka guje shi.

Hanya mafi tabbas ita ce ka buɗe ka ɗauki hoton wanda ke ciki. Idan ba ka shirya buɗewa ba, sauke manhajar CPU-Z, kyauta ce, ka duba sashen Memory da SPD. Za ta nuna maka iri, girma, da abin da ke kowane gurbi. Task Manager ma yana nuna Slots used, misali 1 of 2, sai dai wani lokaci yakan ce gurbi huɗu alhali biyu ne a zahiri. Idonka ya fi shi gaskiya.

Sai iyakar abin da kwamfutar ke ɗauka. Rubuta cikakken sunanta a intanet tare da kalmar max RAM, ka duba takardar kamfanin da ya ƙera ta. Galibin laftof na ofis daga zubi na 2 zuwa na 5 suna ɗaukar giga 16, wato takwas-takwas a gurbi biyu. Na zubin farko, masu lamba uku kawai irin su i5-520M, giga 8 ne iyakarsu, kuma suna da tsirfa: sun fi son mai giga 4 da aka rubuta wa 2Rx8, wanda ke da ƙwayoyi takwas a kowace fuska.

Nawa ya ishe ka? Don rubutu, burauza, kallon bidiyo da aikin makaranta, giga 8 ya wadatar. Mai CorelDRAW, Photoshop ko AutoCAD ya nemi 16. Guda biyu masu girma ɗaya sun fi guda ɗaya babba, domin firosesa yana karanta su a lokaci guda, kuma hakan yana taimaka wa hoto a kwamfutocin da ke amfani da Intel HD Graphics. Amma idan kana da 4 a ciki ka samu 8, haɗa su, za su ba ka 12 su yi aiki. Idan gudunsu ya bambanta, duka biyun za su koma gudun mai ƙasa, kuma ba za ka ji bambanci a aikin yau da kullum ba.

MATAKI NA 3: GANO IRIN SSD

Idan kwamfutar tana da HDD na inci 2.5, to SSD na SATA mai inci 2.5 zai zauna daidai wurinsa. Wannan shi ne mafi sauƙi, kuma shi ya shafi mafi yawan masu karanta wannan bayani. Kaurin SSD milimita 7 ne, wasu tsofaffin HDD kuwa 9.5, don haka zai iya ɗan yin lilo a gurbin. Ɗan guntun kwali da aka naɗe ya isa ya tokare shi.

Laftof ɗin da suka ɗan fi sabunta, daga zubi na 6, da yawa suna da gurbin M.2, wani siririn kati da ake ɗaurewa da noti ɗaya. A nan ma akwai tarko: akwai M.2 na SATA, akwai M.2 na NVMe, kuma ba kowane gurbi ke karɓar duka biyun ba. Tsawo ma ya bambanta, 2280 shi ne dogon da aka saba, 2242 gajere ne. Duba takardar kwamfutarka kafin ka saya. Wasu tsofaffin ThinkPad kuma suna da gurbin mSATA, wanda ya yi kama da M.2 amma ba shi ba ne.

Girma: giga 256 shi ne ƙaramin abin da zan ce ka saya. Giga 128 yana cika da wuri bayan Windows da Office sun ɗauki rabonsu, kuma SSD da ya cika maƙil yakan yi nauyi.

MATAKI NA 4: A KASUWA

Tafi da kwamfutar da cajarta. RAM na hannu ba laifi, domin abu ne da ba ya saurin lalacewa, kuma waɗanda aka ciro daga wasu laftof ɗin, na Samsung, SK hynix ko Micron, su ne ainihin na kamfani. Ka sa a saka a gabanka, a kunna, ka ga adadin ya fito kafin kuɗi ya bar hannunka. Ku yi magana a kan kwana nawa za ka iya dawo da shi idan ya ba da matsala, a rubuta a rasit.

SSD kuwa na fi son sabo. Akwai na jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni, akwai kuma waɗanda aka rubuta wa giga 512 alhali abin da ke ciki bai kai rabi ba. Idan farashi ya yi arha fiye da hankali, bar shi. Idan na hannu ne dole, buɗe shi da CrystalDiskInfo ka ga lafiyarsa da awannin da ya yi yana aiki. Manhajar H2testw kuma tana cika shi da bayanai ta sake karantawa, ta nuna maka ko girman da aka rubuta gaskiya ne.

MATAKI NA 5: KWASHE KAYANKA, KA SHIRYA FILASH

Kwafe duk abin da ke Desktop, Documents, Downloads da Pictures zuwa wani wuri. Rubuta kalmomin sirrin da burauza ke riƙe maka, ko ka tabbatar ka shiga da asusunka na Google. Idan rumbun yana kulle da BitLocker, wato makullin rumbu na Windows, nemo lambar buɗewarsa ka ajiye, in ba haka ba, ba za ka iya karanta tsohon rumbun ba bayan ka ciro shi.

Hanya biyu ce ta mayar da Windows kan sabon SSD. Ko dai a kwafe tsohon rumbun ɗungurungum da manhaja irin Clonezilla, ko a ɗora sabo fil. Na fi son ta biyu, domin kwafewa tana ɗauko duk tarkacen shekaru har da ƙwayoyin cuta idan akwai. Kwafewa tana da amfani ne idan akwai manhajar aiki da ba ka da hanyar sake samu, kuma tana buƙatar wayar haɗa SATA da USB.

Don ɗora sabo, sauke Media Creation Tool daga shafin Microsoft, shi zai shirya maka filash ɗin da kansa. Zai ci maka data giga 4 zuwa 6. Idan wani yana da fayil ɗin ISO na Windows, karɓa ka yi amfani da Rufus, ka huta da sayen data. A Rufus za a tambaye ka GPT ko MBR: danna maɓallin Windows da R, ka rubuta msinfo32, ka duba BIOS Mode. Idan UEFI ne zaɓi GPT, idan Legacy ne zaɓi MBR. Ka kuma sauke direban Wi-Fi na kwamfutarka, wato manhajar da ke sa Wi-Fi aiki, ka ajiye a filash. Wani lokaci sabon Windows yakan tashi babu Wi-Fi, ga shi sai da intanet za ka nemo direban.

MATAKI NA 6: BUƊE KWAMFUTAR

Kashe ta gaba ɗaya ta Shut down, ba rufe murfi kawai ba. Zare caja. Cire batir idan na waje ne, sannan ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 15 don sauran wutar da ke ciki ta fita. Idan batir ɗin na ciki ne, shi ne abu na farko da za ka zare wayarsa da zarar ka buɗe murfi. Noti ɗaya da ya faɗa kan madabod mai wuta ya isa ya kashe ta.

Yi aikin a kan teburin katako, ba a kan katifa, kafet ko dardumar roba ba. A lokacin hunturu, da iska ta bushe, jiki yana tara lantarki sosai. Tartsatsin nan da kake ji idan ka taɓa ƙofar mota ko ka cire rigar sanyi, wanda bai kai shi ƙarfi ba ma yana iya lalata RAM. Cire rigar sanyin, ka tsaya ba takalmi a kan siminti ko tayil, ka riƙa taɓa ƙarfen taga ko ƙofa kafin ka ɗauki kowane kaya. Riƙe RAM ta gefe-gefensa, kada yatsa ya taɓa haƙoran zinariyan.

Zana siffar ƙasan kwamfutar a farar takarda, duk notin da ka kwance ka ɗora shi a inda ya dace a zanen. Tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogon noti a gurbin gajere yana iya huda madabod ko ya ɓullo ta saman wurin ɗora hannu. Ɗauki hoto a kowane mataki.

Wasu suna da sauƙi: EliteBook 840 G1 da G2 sakata kawai za ka ja, murfin ya zame. A ThinkPad T430 gurbin RAM ɗaya yana ƙasa, ɗayan kuma yana ƙarƙashin kibod. Masu murfi guda kuwa, bayan ka kwance notuna, zura katin roba a tsagar gefe ka bi a hankali. Idan wani wuri ya ƙi ɗagowa, akwai notin da ya ɓuya a ƙarƙashin robar ƙafa ko takarda. Nemo shi, kada ka ja da ƙarfi.

MATAKI NA 7: SAKA RAM

A gefe biyu na RAM ɗin akwai 'yan ƙarafa da suka riƙe shi. Tura su waje da yatsu a lokaci guda, zai ɗago da kansa a karkace, sai ka zare.

Ɗauki sabon, ka daidaita tsagarsa da ɗan tudun da ke cikin gurbin. Zura shi a karkace, kamar digiri 30, ka tura har haƙoran zinariyan su kusa ɓacewa gaba ɗaya. Sannan ka danna shi ƙasa har ka ji ƙas, ƙarafan sun kama. Kuskuren da sabon hannu ya fi yi shi ne danna shi ƙasa tun bai shige sosai ba. Ƙarafan za su kama, a ido komai daidai, amma kwamfutar ba za ta tashi ba.

A kwamfutar tebur tsaye ake saka shi: buɗe 'yan kunnuwan roba na gefe, ka danna da manyan yatsu biyu har su rufe da kansu. Yana buƙatar ƙarfi fiye da yadda kake zato. Idan gurbi huɗu ne kana da guda biyu, saka su a masu launi ɗaya.

MATAKI NA 8: SAKA SSD

Kwance notunan da suka riƙe HDD, ka zame shi daga bakin mahaɗinsa. Yawanci yana cikin wani ƙarfe ko roba da ke riƙe shi, wani lokaci kuma akwai ɗan mahaɗi a bakinsa. Ciro su ka mayar kan SSD a fuskar da suke. Idan siririyar waya ce ta haɗa rumbun da madabod, lallaɓa ta, domin samun irinta a kasuwa wahala ne.

Tsohon HDD ɗin bai zama shara ba, idan CrystalDiskInfo bai nuna masa Caution ba. Saya masa gidan USB ya zama rumbun waje. Ko kuma, idan kwamfutar tana da wurin faifan DVD da ba ka amfani da shi, akwai abin da ake kira kadi, wanda ke shiga wurin ya riƙe rumbu na biyu. Kauri biyu ne, milimita 9.5 da 12.7, auna naka. SSD ya zauna a ainihin gurbin, HDD ya koma kadi. Amma ka bari sai ka gama ɗora Windows kafin ka saka shi.

MATAKI NA 9: ƘURA DA ZAFI

Tunda ka riga ka buɗe, dubi fanka. Tsakaninta da ƙarafan da iska ke fita za ka tarar da ƙura ta dunƙule ta toshe hanya, musamman idan kwamfutar ta sha hunturu biyu ko uku ba a buɗe ta ba. Idan firosesa ya yi zafi fiye da kima, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, kuma babu RAM ɗin da zai gyara wannan. Riƙe fankar da yatsa kada ta juya, ka share da burushi, ka hura. Kada ka sa mata bulowar gyaran gashi mai zafi.

Canja man firosesa, wanda ake shafawa tsakanin firosesa da bututun jan ƙarfen da ke janye masa zafi, sai idan kana da sabo a hannu. Idan babu, kada ka ɗaga bututun jan ƙarfen ko kaɗan, domin da zarar ka ɗaga, tsohon man ya tashi daga aiki. Idan akwai, kwance notunan bisa lambobin da aka rubuta a jikinsu, ka goge busasshen man da sifirit, ka ɗiga sabo kwatankwacin ƙwayar shinkafa, ka mayar ka ɗaure kaɗan-kaɗan bisa jerin lambobin. Man goge baki ko girisin mota ba sa maye gurbinsa, duk wanda ya gaya maka haka.

Idan kwamfutar tana mantar da kwanan wata duk lokacin da aka kashe ta, ƙaramin batirin madabod ne ya mutu. CR2032 ne a mafi yawansu, sai dai na laftof yakan zo a naɗe da 'yar waya.

MATAKI NA 10: GWAJI KAFIN A RUFE

Mayar da batir, ka ɗora murfin ba tare da ɗaure noti ba, ka kunna. Shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, ta danna maɓallinsa da zarar ka kunna: F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. Duba ko adadin RAM ya cika, ko sunan SSD ya fito, kuma SATA yana kan AHCI. Wasu Dell sukan tsaya da saƙon cewa adadin RAM ya canja, wannan ba matsala ba ce. Kunnawar farko takan ɗan jima da baƙin sikirin, ba ta minti ɗaya.

Idan ta ƙi tashi, ko tana ƙara, ko fitilar Caps Lock tana ƙyaftawa, kada hankalinka ya tashi. Kashe, cire batir, zare RAM ka sake zurawa sosai. Idan ba ta yi ba, gwada su ɗaya-ɗaya, kowanne a kowane gurbi, ka gane ko RAM ɗin ne ko gurbin. RAM na hannu da haƙoransa suka dushe, goga su a hankali da farar kilina, ka kaɗe ɓurɓushin. Idan tsohon yana tashi sabon ba ya tashi, koma kan takardarsa ka duba maganar L ɗin nan.

MATAKI NA 11: ƊORA WINDOWS

Kada ka fara wannan da wutar NEPA kaɗai idan batirinka ya mutu. Ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na nufin farawa daga farko. Nemi inda akwai sola ko janareta. A kan SSD aikin ba ya wuce rabin awa.

Saka filash, ka kunna kana danna F9 a HP, ko F12 a Dell da Lenovo, ka zaɓi filash ɗin. Idan an tambaye ka lambar lasisi, zaɓi I don't have a product key. Kwamfutocin da suka zo da Windows 8 zuwa sama lasisinsu yana cikin madabod, kuma wadda aka taɓa yi wa rajistar Windows 10 za ta sake yi da kanta idan ta hau intanet, muddin ka ɗora iri ɗaya, Home ko Pro. Zaɓi Custom, ka nuna SSD ɗin da babu komai, ka bar shi ya yi sauran.

Wane Windows? Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, wato sabunta tsaro na yau da kullum ya tsaya. Windows 11 kuwa a hukumance yana buƙatar firosesan Intel zubi na 8 zuwa sama da TPM 2.0. Rufus yana da zaɓin tsallake wannan sharaɗi, kuma yana aiki a kwamfutoci da yawa masu SSD da giga 8, sai dai Microsoft ba ta yi alƙawarin ci gaba da ba su sabuntawa ba. Wanda aikinsa bai wuce burauza da rubutu ba, Linux Mint ya fi sauƙi a kan tsohon inji, kuma kyauta ne. Mai shagon da ke dogara da CorelDRAW ko direban wata firinta ya zauna a Windows.

Bayan ta tashi, danna Windows da R, ka rubuta mdsched, ka bar ta ta gwada RAM ɗin. Idan ta nuna kuskure, ko ka fara ganin shuɗin sikirin a kwanakin farko, mayar da RAM ɗin tun wa'adin rasit bai ƙare ba. Shiga sashen Startup na Task Manager ka kashe manhajojin da ke tashi da kansu ba gaira ba dalili. Kada ka ɗora rigakafin ƙwayoyin cuta biyu, wanda ya zo da Windows ya isa. Kada ka yi wa SSD difrag, wato sake jera fayilolinsa, da manhajar waje, Windows ya san yadda yake kula da shi. Ka riƙa barin aƙalla kashi 15 na SSD ɗin babu komai. Idan ta yi kwana biyu tana aiki lafiya, sai ka ɗaure sauran notunan, ka haɗa tsohon rumbun ka kwaso fayilolinka.